Rigar Aikinsa a Ƙarƙashin Filona

"Mama, me ya sa in Baba ya shigo kike gudu banɗaki?"

'Yata ce ta yi tambayar, bakinta cike da burodi. Shekararta biyar, kuma ba a banza muke kiranta Aku ba.



Surukata Inna ta ajiye kofin shayinta a hankali. Yayar mijina, wadda ta rako ta gaishe mu da safiyar Asabar ɗin, ta gyara zama kamar an kunna mata shirin da ta daɗe tana jira.

Mijina yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ya sha wanka, yana ta zuba ƙamshi. Ni kuwa daga banɗakin na fito, ruwa bai ma bushe a fuskata ba.

"Aku, ci abincinki," na ce.

"Jiya ma kin toshe hanci. Na gan ki."

Yaya ta tafa hannu sau ɗaya. "To, alhamdu lillahi. Ba a bakina aka ji ba, a bakin 'yarta aka ji."

"Yaya, don Allah..." in ji mijina.

"Don Allah me? Tun kafin a ɗaura na faɗa maka. Na ce malamar makaranta ce, mai takarda, wata rana warin katakonka zai ishe ta. Ka ce ni ce ba na son ta."

Ban tanka ba. Ba tsoronta nake ji ba. Na san in na buɗe baki, ba magana ce za ta fito ba.

Bari in koma baya kaɗan.

Ni malamar aji uku ce. Mahaifin Aku ya rasu tana da wata takwas, na riƙe ta ni kaɗai har shekara uku. Wata rana aka turo kafinta gyaran kujerun ajinmu. Ya gyara kujeru, ya gyara teburina. Bayan kwana biyu ya dawo wai ƙafar teburin ba ta zauna ba. Ya sake dawowa wai aljihun yana cijewa.

A zuwa na huɗu na ce, "Malam kafinta, teburin nan lafiyarsa ƙalau."

Ya sosa ƙeya. "Na sani, Malama. Ni ne ba ni da lafiya."

Danginsa ba su so ba. Bazawara, ga 'ya, ga boko. Yaya ma ta riga ta yi masa tanadin ƙawarta, wata mai shagon turare. Ya tsaya kai da fata sai ni. Ranar da Aku ta fara kiransa Baba, fita waje ya yi wai ƙura ta shiga idonsa.

Wata biyar da aurenmu na samu ciki. A ranar na faɗa masa. Kafin sati ya zagayo ya yanka katako, ya haɗa gadon jariri, yana goge shi da samfefa har ya fi kumatun Aku santsi.

A sati na tara cikin ya zube.

Na yi kuka, amma nawa mai sauƙi ne. Shi bai yi a gabana ba. Ya naɗe gadon a tsohon zanin gado, ya ɗora shi can sama a ƙarƙashin rufin shagonsa, ya yi wata guda ba ya iya cinye abincinsa.

Shi ya sa wannan karon, da na ga layi biyu a tsinken gwajin da na sayo a kemis, na yanke shawara ni kaɗai. Ba zan faɗa ba sai na wuce sati goma sha biyu. In ya zauna, mu yi murna tare. In bai zauna ba, na ɗauke masa.

Na tsara komai, don ni ba mai zama jiran tsammani ba ce. Busasshen biskit a gefen gado, in ci biyu kafin in ɗaga kai. Lemon tsami a jaka. Na fara shan ƙwayoyin da nas ta ba ni, na ɓoye su a gwangwanin allura da zare. A makaranta in an fita tara, in kifa kai a tebur in yi barcin minti goma kamar an zare min laka. Wata rana na yi hawaye don alli ya karye a hannuna, yara suka yi ta ba ni haƙuri.

Duk wannan na iya da shi.

Hancina ne ya tona ni.

Wata yamma ya shigo daga aiki daidai lokacin da maƙwabta suke soya albasa. Ni ma dawowata ke nan. Ya matso zai karɓi jakata, na ture shi na ruga banɗaki. Da na fito na tarar da shi yana sunsunar hannun rigarsa.

Washegari ya dawo da wata riga daban, ya yi wanka tun a shago, ya fesa wani turare mai zaƙi, mai nauyi, irin wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Ranar amai uku na yi.

"Turaren nan ya yi ƙarfi, masoyi," na ce masa.

"To, zan canja."

Ya canja kuwa. Ya kawo wanda ya fi shi.

Na so in ce ya daina gaba ɗaya, amma na san shi. A cikin da ya zube ma da ƙin ƙamshi na fara. In na faɗa zai gane, in ya gane gadon nan zai sauko.

Abin dariyar shi ne, abu ɗaya ne tak yake kwantar min da zuciya. Tsohuwar rigar aikinsa mai ruwan toka, wadda na tsinta a kwandon wanki. Ƙamshin sabon katako ne a jikinta, da ɗan gam, da shi kansa. Na ɓoye ta a ƙarƙashin filona. In zuciyata ta taso sai in cusa fuskata a ciki, in ji duniya ta tsaya.

Sati biyu ke nan bai sake kawo rigar aiki gida ba, tawa kuma ƙamshinta ya fara tafiya.

A haka muke har safiyar da Aku ta yi tambayarta.

"Ai magana ta ƙare," Yaya ta ci gaba, tana kallona. "Maigidana ya ba shi aiki a kantinsa. Fanka, kujera, farar riga. Yau zai kwashe kayansa, jibi ya miƙa mukullin shago. Sai ki huta da toshe hanci."

Na juya na kalle shi. "Wane shago?"

Bai ɗago ba. "Na so in faɗa miki in an gama."

"Shagonka? Wanda ka yi shekara goma sha ɗaya a ciki?"

"Aiki aiki ne, Malama."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Yaya ta bi bayansa tana cewa Inna ta same ta a mota.

Inna ba ta yi sauri ba. Ta nemi takalminta, ta gyara mayafi, sai da ta zo daf da ni ta tsaya.

"Sati nawa?" ta ce ƙasa-ƙasa.

Na kalle ta. "Inna..."

"Shida na haifa, 'yar nan. Tun da kika miƙo min shayi kina kawar da kai na gane."

"Takwas ne. Tsoro nake ji, Inna. Kin ga yadda ya yi wancan karon."

"Na gani. Yanzu ma ina ganin yadda yake yi." Ta dafa kafaɗata. "Ban so aurenku ba, kin sani. Amma ba ni ya kamata in riga shi ji ba."

Suna fita na ci biskit biyu, na wanke wa Aku hannu, na zaro rigar na cusa a jaka, muka nufi shagon ni da ita.

Shagonsa yana bakin titi, kusa da mai faci. Tun daga nesa na hango zartuna a jere a ƙasa, da akwatin da yake zuba guduma da ƙusoshi. Bangon da yake rataye su ya zama fayau, sai inuwar kowanne a jikin fenti.

Ba shi kaɗai ba ne. Mai turaren tana tsakiyar shagon tana auna bango da ido.

"Nan zan sa madubi," take cewa. "Kai kuma in ka taso daga kanti ka riƙa biyowa, akwai wani sabo da na ajiye maka..."

Ashe ita za ta karɓi shagon. Ashe duk kwalaben nan daga hannunta suke fitowa.

Na yi sallama. Ƙamshinta ya dake ni tun daga bakin ƙofa.

"A'a, Malama ce? Ya ƙoƙari? An ce ƙura ba ta yi miki, kar ki shigo."

"Baiwar Allah, ɗan matsa baya," na ce. "Takalminki mai kyau ne, ba na so karin kumallona ya sauka a kai."

Ta ja baya da sauri har tana tuntuɓe da katako.

Na wuce ta, na nufi kusurwar da yake tara garin katako. Na durƙusa, na ɗebo cikin tafin hannuna biyu, na kai kusa da hancina na ja numfashi.

Na sake ja.

Mijina ya tsaya da guduma a hannu yana kallona kamar na zare.

"Me kike yi haka?"

"Magani nake sha."

"Malama, ba lokacin wasa ba ne. Na san ƙyamata kike yi. Ban ga laifinki ba, ke mai tsabta ce, ni kuwa kullum cikin..."

Na zaro rigar daga jaka na miƙa masa.

Ya juya ta. "Wannan ai na neme ta har na gaji."

"Mama ce ta sace," in ji Aku. "Da ita take barci. Tana yi mata haka." Ta cusa fuska a mayafina tana jan hanci da ƙarfi.

Mai turaren ta ɗauki jakarta. Ba wanda ya ce mata sai an jima.

"Ban gane ba," ya ce, muryarsa ta sauka.

"Ba warinka nake gudu ba, abin ƙaunata. Turaren nake gudu. Kullum sai ka wanke abin da nake so, ka shafo abin da ke sa ni amai."

"To me ya sa turare zai..."

Ya tsaya.

Na ga lokacin da abin ya isa gare shi. Gudumar ta sulale daga hannunsa ta faɗa cikin akwati. A hankali ya ɗaga kai sama, wurin ƙunshin nan mai zanin gado.

"Sati takwas," na ce. "Na ɓoye ne don kar ka sake shiga abin da ka shiga."



"Kin san me na yi sati uku ina tunani?" ya ce. "Cewa Yaya ta yi gaskiya. Cewa kin tashi wata safiya kin ga wanda kika aura. Wancan karon na rasa ɗa, amma ina da ke. Wannan karon na zaci ke na rasa."

Nan hawayena suka zubo, kuma ba na laulayi ba ne.

"Ka yafe min."

"In zai zauna, namu ne. In ba zai zauna ba, shi ma namu ne. Kar ki sake ɗauke min rabona, ko na kuka ne."

Ya matso zai rungume ni. Na ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Je ka wanke wannan abin tukuna."

Dariya ta ƙwace masa, idonsa jajir. Ya tafi famfon bayan shago ya yi ta dirzar wuya da sabulun wanki, ya dawo ya sa tsohuwar rigar, ya ɗebi garin katako ya watsa a kafaɗa kamar mai shafa hoda.

"Yanzu fa, ranki ya daɗe?"

"Yanzu ka zama mijina."

Na kwantar da kaina a ƙirjinsa. Rabon da zuciyata ta kwanta haka har na manta.

Ya kai hannu ga tsani, na riƙe shi.

"Bar gadon tukuna. In kana son yin wani abu, yi min 'yar kujera ta zama a banɗaki. Gwiwoyina sun gaji da tayil."

Kafin la'asar zartuna sun koma kan ƙusoshinsu, na koma gida da kujerata, har da wurin jingina.

Yaya ta yi fushin sati biyu. A na uku ta zo da jakar lemon tsami, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ban shafa komai ba, in shigo?"

Ranar da na cika sati goma sha biyu tare muka je awo. Nas ta ɗora na'ura a cikina, ɗakin ya cika da wani bugu mai sauri kamar ana buga ƙananan ƙusoshi. Ya riƙe hannuna har sai da na ce zai karya min yatsu.

Da yammar ranar ya sauko da gadon. Aku ce ta fara gwada shi da 'yar tsanarta.

'Yar'uwa, ke da kika ga layi biyu kina shirin yin shiru: ki ɓoye wa maƙwabta in kin so, ki ɓoye wa dangi har sai kin shirya. Amma kar ki ɓoye wa wanda zai ga kina gudunsa bai san dalili ba. In ba ki faɗa masa ba, akwai mai jiran ta faɗa masa nata, kuma ba don alherinki za ta faɗa ba.