Teburin da Yaya Bai Ƙarasa Ba

Rana ta yi ja lokacin da Auta ya rufe shagon kafinta, ya kama hanyar sabuwar unguwa. Injin rauta zai ɗauko, wanda suke ƙawata gefen katako da shi. Yayansa ne ya tafi da shi aiki wani gida, ya dawo babu shi.

Ba inji kaɗai Yaya ya baro can ba. Tun ranar bai ƙara magana ba. Yana kwance, hannayensa a dunƙule a gaban ƙirji kamar mai riƙe da wani abu, suna karkarwa dare da rana. An je asibiti, an yi tofi, an yi hayaƙi, shiru. Yanzu yatsun sun fara baƙi.

Da safen nan matar Yaya, wadda kullum take tsokanar Auta da tuzurun gida, ta durƙusa a gabansa.

"Auta, likita ya ce in jini bai koma ba, yankewa za a yi. Don Allah ka je gidan nan. Ko me ya taɓa, ka gano mana."

Gidan yana ƙarshen layi, bayan kangaye. Ƙofa a buɗe. Ya yi sallama, muryarsa ta dawo masa ita kaɗai.

Falon babba ne, babu labule, babu fitila. Warin sabon siminti, da wani wari kamar na ƙasar da aka tono daga rami. A tsakiya ga dogon tebur na baƙin katako, kujeru kewaye da shi. Injin yana kai, a kife, da ƙarfen kwarmi a bakinsa, irin wanda yake yanka gefen katako ya bar shi a lotse kamar cikin cokali. Yaya ya soma daga wata kusurwa, ya ci kamar kamu ɗaya ya tsaya.

Auta ya miƙa hannu.

"Kai ne ƙanen?"

A can ƙarshen tebur wani dattijo ne zaune a kujera, dogo ko a zaunen. Auta zai iya rantsuwa kujerar babu kowa da ya shigo. Muryar a ƙasa take, tana karce kamar sanfefa a kan busasshen katako.

"Ni ne, Baba. Injinmu na zo ɗauka."

"Yayanka ya karɓi aiki ya gudu. Hannunsa yana wurinmu. Ka zagaye mana gefen nan, baki ya haɗu da baki, sai a sake shi."

Ƙafafun Auta suka ce masa gudu. Sai ya tuna yatsun nan baƙaƙe, su ne suka koya masa riƙe zarto.

"Babu wuta, Baba."

"Kunna."

Filogin yana yashe a ƙasa. Auta yana kallonsa ya danna makunni.

Injin ya ɗauka.

Ya ɗora shi a inda Yaya ya tsaya, ya jingina boris, 'yar tayar da ke bakin ƙarfen, da gefen tebur, ya fara turawa. A ƙa'ida kaɗan-kaɗan ake ci, a sake bi har kwarmin ya kai zurfinsa. Wannan katakon bai jira ba. Ƙarfe ya nutse kamar cikin sabulu. Garin da ke fita a jiƙe yake, da ɗumi, yana manne masa a wuyan hannu. Kuma ba ƙaurin katako yake ji ba. Ƙaurin gashi ne.

Ya wuce kujerar farko.

Ƙiii. An ja ta a bayansa.

Bai waiwaya ba. Ta gefen ido ya ga yatsu, dogaye, masu gaɓoɓi fiye da na mutum, sun kwanta cikin kwarmin da ya yanka. Sun zauna daram, kamar da su aka auna.

Kujera ta biyu. Ƙiii.

Ta uku.

Ya nemi addu'a a bakinsa, harshe ya ƙi juyawa. Gumi na shiga masa ido, ba halin sharewa. Duk inda ya wuce, sai a zauna. Numfashi ya cika falon, mai nauyi, mai sanyi.

Ya sha kusurwa, ya sha wata. Hasken taga ya koma toka-toka.

"Sauri," aka raɗa. "Yunwa."

Auta ya ɗaga ido. Babu kwano a teburin, babu tire, babu ko kofi. Sai a lokacin ya lura da tsawonsa. Tsawon mutum ne a kwance.

Ya hango mafarin kwarmin Yaya. Saura taƙi ɗaya.

Sai injin ya yi nauyi.

Wasu hannaye ne a kan nasa. Ba ya ganinsu, amma ya san kantar nan, ya san babban yatsan da kurfin sassaƙa ya taɓa fasawa. Hannun Yaya. Kuma ba gaba suke turawa ba. Baya suke ja, da duk ƙarfinsu.

"Ƙarasa," dattijon ya ce. Yanzu a kunnensa yake.

Saura faɗin yatsa biyu.

"Ƙarasa!"

Auta ya fizge injin sama. Harshensa ya saku, ya ƙwalla salati. Kujeru suka zube gaba ɗaya. Wani abu ya cafki rigarsa, ta yage har ƙugu. Ya rungume injin, ƙarfen yana juyawa, ya tsaga masa damtse, bai ma ji ba. Ya daki ƙofa da kafaɗa, ya faɗa waje, ya tashi, ya sake faɗuwa. A bayansa farata na bin kwarmin tebur, suna zagayawa, suna tsayawa cak a wuri ɗaya, suna sake zagayawa.

Bai tsaya ba sai da ya ji kiran sallah daga wani masallaci. Nan injin ya mutu a ƙirjinsa.

Da jini ya shiga ɗakin Yaya. Matar ta saki salati, bai kula ta ba. Ya cusa injin tsakanin dunƙulallun hannayen nan. Suka kama shi, karkarwar ta tsaya cak. Sannan yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ya juyo da kai. Muryarsa ta dushe.

"Ka haɗa bakin?"

"A'a, Yaya."

Ya lumshe ido, hawaye suka gangaro. "Alhamdu lillahi. Amma ka sani, ba sa barin aiki a rabi."

Yatsun Yaya sun warke, ban da biyu da suka ƙage. Ƙarfen kwarmin kuwa sun jefa shi tsohuwar rijiya, suka daina karɓar aikin ado kwata-kwata. Gefen tebur sai dai a goge shi da sanfefa, mai so ya saya.

Ranar da Auta ya koma shago, maƙwabcinsu mai walda ya leƙo yana fara'a.

"Kafinta, jiya da magariba wani dattijo ya zo nemanka. Mutumin kirki. Ya ce aikin ba yawa, faɗin yatsa biyu ne. Da na ga ba ka nan, sai na kwatanta masa gidanku."