Bencin Makafi a Silimar Alhaji Lateef

Da taɓarya Baffa Enoch ya farfasa abin sauraron fim da Rahab take sawa a kunne, a tsakar gida, ita kuwa tana durƙushe tana lalube a ƙasa, tana tsintar gutsattsarin roba da waya, hawaye na zuba daga idanun da ƙyanda ta rufe tun tana 'yar shekara tara.

"Baffa, don girman Allah! Aikin hannun Babana ne, shi kaɗai ya rage mini..."

"Rufe mini baki, 'yar banza! Me makauniya take nema a silima in ba maza ba?"

Wayyo maraici! Mahaifinta Mark mai gyaran rediyo ne a Funtua, shi ne kuma yake kunna injin majigi a silimar Alhaji Lateef. Da ya ga 'yarsa tana raɓewa jikin katanga tana sauraron waƙoƙin Indiya, ba ta san wa ke kuka ba, ba ta san wa ke dariya ba, sai ya haɗa wani ɗan akwati da makirfo a ɗakin inji, ya ja waya har bencin baya, ya sanya abin sawa a kunne. Fim na tafiya yana raɗa mata, "Ga yarinyar ta fito da jan sari, ga mugun ya laɓe bayan ƙofa." Kafin shekara ta zagayo, makafin unguwa sun cika bencin. Da motar auduga ta kashe Mark a hanyar Bakori a 1981, Hajiya Silifat, matar mai silimar, ta karɓi makirfon da Hausarta mai gishirin Yarbanci, ta ce bencin nan ba zai mutu ba.

Ƙanen marigayin, Enoch, ya tare a gidan da sunan riƙon marainiya, alhali gidan ne ya tsone masa ido, ya riga ya samo mai saye. Ya kore ta daga ɗakin ubanta zuwa ɗakin ajiyar masara, ya sayar da kayan gyaran rediyo, ya hana ta tuwon dare duk ranar da ta je silima. Da ya ga ba ta gudu ba, sai ya shiga gari da ƙazamar magana, har matan da suka goya ta suka daina amsa gaisuwarta, aka cire ta daga ƙungiyar mawaƙan coci. Rahab takan kifa kai a buhun masara, zuciyarta na tafasa, ta ce, "Ya Ubangiji, ba ni da ido, amma kai kana gani. Ka bi mini hakkina!"

Ranar Lahadi aka gurfanar da ita gaban Fasto da dattawan ikilisiya. Enoch ya share hawayen munafunci, ya ce ta ɓata sunan gida, a tura ta ƙauye kowa ya huta. Ya gabatar da shaidarsa, wani ɗan dako mai suna Jibo, wanda ya ce da idonsa ya ga tana bin maza bayan silima.

Rahab ta miƙe. "Ƙarya ne! Baffa, ka ci tuwon ubana, ka kwana a gadonsa, yau kuma mutuncin 'yarsa za ka ci? Ban yafe ba!"

"Kun ji rashin kunyar ko?" in ji Enoch.

Fasto ya buɗe baki zai yanke hukunci ke nan, sai aka ji ƙarar sanduna a bakin ƙofa. Hajiya Silifat ce, da makafin benci a bayanta, Musulmi da Kirista, kowa dafe da kafaɗar na gabansa.

"Fasto, a yi mana afuwa," ta ce tana haki. "Yarinyar nan ni nake zaunar da ita, ni nake raka ta har ƙofar gida. Amma ku ji daga bakin Malam Shitu."

Malam Shitu, dattijon makaho mai saƙar igiya, ya gyara tsayuwa. "Ranar Juma'a mutum biyu suka tsaya bayan bencinmu. Sun ga abu a kunnuwanmu, sun ɗauka mun kurmance. Ɗaya ya ce, 'Ka faɗa gaban dattawa ka gan ta da maza, buhun masara naka ne.' Mai muryar nan yana cikin ɗakin nan, yanzu na ji shi yana cewa rashin kunya. Enoch, ido muka rasa, kunnenmu garau!"

"Mu ma mun ji!" sauran makafin suka ɗauka baki ɗaya.

Jibo ya zube a ƙasa yana kuka. "Wallahi shi ya sa ni! Masarar ma tana ɗakina..."

Ɗakin ya kaure da salati da Allah wadai. Matan da suka juya wa Rahab baya suka rungume ta suna neman gafara, ita ko ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Dattawa suka dakatar da Enoch daga ikilisiya, mai unguwa ya ba shi zuwa faɗuwar rana ya kwashe komatsansa, mai sayen gida ya bi shi har tasha yana zagi saboda cinikin da ya rushe.

Da zai fita ya tsaya a zaure, murya ƙasa-ƙasa. "Rahab, 'yata..."

"Ubana yana kabari," ta ce. "Ka ajiye makullin ɗakinsa a dakali."

Alhaji Lateef ya aika Kaduna aka sayo sababbin abubuwan sawa a kunne, ya ƙara benci na biyu, har daga Malumfashi da Tsiga makafi suke zuwa ranar kasuwa. Rahab ce take tarbarsu a ƙofa, ta zaunar da kowa, ta sa masa abin a kunne da hannunta. Enoch kuwa ya koma Bakori, inda labarin ya riga shi isa, ko gonar haya aka rasa mai ba shi.