Garkuwar Katako

Motocin hatsi sun yi layi har bakin shingen kwastan na Jibiya ranar da Hasiya ta kawo wa Yusha'u mai gyaran waya wayarta da gilashinta ya tsage. Yana kunnawa sai ga wasan jarumai da dodanni, an saita shi a mataki mafi wuya, wanda in jaruminka ya mutu sai ka koma farko.

"Wanga na ƙanenki ne?" ya tambaye ta.

"Nawa ne. Wata huɗu ke nan ina fama da dodon kogo."

Yusha'u bai taɓa buga wasan ba, amma murmushinta ya riga ya tafi da hankalinsa. "Ni kwana ukku sun ishe ni," in ji shi. Baki dai shi ke yanka wuya.

Da ta karɓi wayarta ta tafi, ya sauke wasan a tasa. Kafin la'asar an kashe shi sau goma sha ɗaya, har da tunkuyin wata akuya mai ƙaho uku. Sai ya lallaɓa ya koma mataki mai sauƙi, ya gama da dodon, ya tura mata hoto: "Ga kan dodonki, Gimbiyata. Saura zuciyarki."

Ta amsa: "Sannu Jarumi. Amma 'yan mataki mai wuya garkuwar ƙarfe ake ba su. Taka ta katako ce."

Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ita kuwa dariya ta yi ta yi, ta koma koya masa wasan, har so ya kama su duka biyu.

Sai dai mahaifinta, Alhaji Manu dillalin hatsi, ya ce ba zai ba mai zaman latsa waya 'yarsa ba, ga Abbas direban babbar mota mai zuwa Maraɗi yana nemanta. Hankalin Yusha'u ya tashi. Ya rubuta mata: "Zan ari shagon abokina in nuna wa Baba, in ce nawa ne."

"Garkuwar katako kuma? Baba ma ya san katako. In haka ne, mu haƙura."

Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa ba, tsoron rasa ta ya hana shi cin abinci. A rana ta huɗu ya tafi rumbun Alhaji ya durƙusa.

"Baba, 'yar rumfar can ita kaɗai gare ni. Ina son Hasiya."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi, washegari ya dawo. Aka shanya shi a rana, ya dawo. Aka sa shi ɗora buhunan masara har bayansa ya ƙage, ya sake dawowa yana ɗingishi. A zuwa na bakwai Alhaji ya kasa riƙe dariya.

"Kai ba ka da zuciya ne? Abbas sau guda na ɗaure mashi huska, har yau ban sake ganin ƙeyarshi ba. Tahi ka turo magabatanka."

Da labari ya kai wa Hasiya, sai ta ɗaga wayarsa. Bayan kaka aka ɗaura aure, direbobi suka cika gari da hon. Alhaji ya riƙe hannun ango, idanunsa sun ciko.

"Ɗiyata ba ta da sauƙi, ni na raine ta, na sani. Na ba ka amana. Allah shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari."

Amin ɗin Yusha'u ta fi ta kowa ƙarfi.