Muryar Mma a Tsohon Diski

Zulfa ta shiga shagon da faifan bidiyo a hannu, fuskarta ba walwala. Ɗan ƙaramin shagon haɗa bidiyo ne a unguwar Ashanti New Town, mai shi Muhaimin yana gaban kwamfuta ya toshe kunnuwa da abin saurare. Sai da ta yi sallama sau uku ya juyo, da ya juyo ɗin kuma ya tsaya kallonta, ya manta ana amsa sallama.

"Ku kuka ɗauki bikin yayata Basiratu, shekara shida ke nan," ta ce. "Mma, mahaifiyarmu, tana ciki, amma kun ɗora kiɗa a kan komai. Bakinta na motsi, ba a jin ko kalma ɗaya. Bara ta rasu, kuma ba ta taɓa yarda ta yi saƙon murya a waya ba. Ba mu da muryarta ko'ina kraa, ko kaɗan."

Haka masu haɗa bidiyon biki suke yi a Zango, su kashe hayaniyar mutane su zuba waƙa. Muhaimin ya tuna bikin, domin shi ya riƙe kamara lokacin yana ƙarƙashin ogansa, wanda ya koma Accra ya bar masa shagon da kwalin tsofaffin diski.

"Allah ya jiƙan Hajiya," ya ce a hankali. "Daga faifan nan ba za a iya cire kiɗan ba. Sai na nemo ainihin aikin da muka adana. In yana nan, muryarta na ƙarƙashin waƙar."

Ta ba shi lambarta don aikin kawai, in ji ta. Amma abin da tambaya ɗaya a waya za ta wadatar, sai ga Zulfa tana hawa motar haya ta trotro sau uku a mako don ta duba aikin. Ranar da ya gano diskin ya buɗe aikin, allon ya yi jawur, manhajar ta ce ba ta ga hotunan ba, don an canza musu mazauni. Zulfa ta fashe da kuka.

"Haba Zuzu, ba ɓata suka yi ba," ya ce. "Hanya ce ta ɓace mata. Ɗaya bayan ɗaya zan nuna mata inda kowane yake."

Ba ta san ranar da ta zama Zuzu ba, kuma ba ta hana ba. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Na haɗa hotuna arba'in, saura ɗari biyu. Ki ci abinci, don Allah." Ta amsa: "Medaase, na gode, Malam mai haƙuri. Kai ma ka ci."

Da maganar shaƙuwarsu ta kai kunnen mahaifinta, Alhaji Seini dillalin shanu, sai ya murtuke fuska. "Mai bin mata da kamara gidan biki? Ga Fadil ɗan aminina, mai shagon waya a kasuwar Adum, yana ta aiko gaisuwa. Ki bar zuwa shagon nan."

Ta bari, don ba ta taɓa saɓa masa ba, amma ta rame. Tsoronta biyu ya zama ɗaya: za ta rasa Muhaimin, muryar Mma kuma ta tafi tare da shi. Bayan mako biyu sai ga saƙo: "Zuzu, ko Baba bai karɓe ni ba, muryar Hajiya taku ce. Na gama. Ki roƙar mini izini in kawo."

Alhaji ya yarda da ƙyar. Bayan la'asar Muhaimin ya durƙusa a tsakar gida ya buɗe kwamfuta, Basiratu da Zulfa na gefe. Ya sauke kiɗan, sai ga Mma, Hajiya Lariba, tana yi wa baƙi sannu da zuwa da muryarta mai ɗan kaushi. Duk suka matso kusa da allon.

"Baba, saura guda," in ji Muhaimin, kansa a ƙasa. "Kuskurena ne, na ajiye kamara ban kashe ba. Oga ya ce in share duk abin da ba mu yi amfani da shi ba, ni kuwa na adana har da shi. A nan ta fi yin magana."

Ba a ganin komai a allon sai gindin tukunya da ƙafafun mutum biyu, na Mma da na Muhaimin. Sai aka ji muryarta tana yi masa magana.

"Ɗana, kama mini tukunyar nan. Yawwa, Allah ya yi maka albarka. Tun safe kake tsaye, ba wanda ya ce ka ci! Zulfa! Zulfa! Kawo wa bawan Allahn nan waakye, shinkafa da waken nan, ki sa masa ƙwai biyu."

Daga nesa aka ji wata siririyar murya: "Mma, ina aiki!"

"Ka ji ta ko? Ba za ta zo ba. Allah dai ya ba ka mace mai jin kira."

Basiratu ta yi dariya cikin hawaye. Zulfa ta rufe fuska da mayafi, kunya da godiya sun cika mata ƙirji. Alhaji ya sa aka maimaita har sau uku, sannan ya share ido da bakin rigarsa, ya daɗe yana duban saurayin.

"Zulfa," ya ce, "shekara shida ke nan uwarki ta aike ki ba ki je ba. Tashi ki kawo masa abinci. Kai kuma, ka turo manyanka ranar Juma'a."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Ango ya miƙa kamararsa ga wani abokin sana'a da sharaɗi ɗaya, kada a ɗora kiɗa a kan maganar dattawa. Don haka addu'ar Alhaji Seini ta fito sarai, yana roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai albarka, yana roƙa wa Hajiya Lariba rahama.

Washegari amarya ta ajiye kwano gaban mijinta. Ya buɗe, ya ga waakye da ƙwai biyu a kai.

"Ka yi haƙuri, masoyina, na makara," ta ce.

"Kin dai amsa kira, Zuzu," ya ce. "Allah ya jiƙan Mma."

Ta ce amin, ta zauna kusa da shi suka ci tare.