Wa Zai Ɗaga Baba?

Ranar da Auta ta fara shiga ɗakin motsa jiki, hannunta na dafe da ƙugu. Kocin wurin, wani saurayi mai sanyin magana, ya ajiye ƙarfen da yake gogewa.

"Rage ƙiba ko ƙara ƙarfi?"

"Babana nake son ɗagawa," in ji ta. "Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ni ke ɗaga shi daga gado zuwa keken guragu. Bayana ya kusa ƙarewa."

Bai yi dariya ba. Ya miƙa mata sandar mofa, ya fara koya mata dedlif, wato ɗaga nauyi daga ƙasa.

"Kala-kala ne. In kin tsuke ƙafa, gadon baya da mazaunai da bayan cinya ke aiki. In kin ɗan lanƙwasa gwiwa kika tura ƙugu baya, bayan cinya ne zai sha wuya. Ke kuwa sumo za ki riƙe: ware ƙafa, ɗaga ƙirji. Gaban cinya da cikinta su karɓi kayan, baya ya samu sauƙi."

Sannu a hankali saƙonnin Koci suka fara shigowa wayarta.

"Jarumata, yau wace tsoka ce ta kai ƙarata?"

"Bayan cinya. Ta ce ba ta yafe ba."

"A ba ta haƙuri. Baya fa?"

"Shiru, alhamdulillahi."

Da maganar aurenta da Koci ta taso, Baba ya ƙi, kamar yadda ya ƙi ɗan baffanta mai shagon waya.

"Ɗaga ƙarfe sana'a ce?"

Auta ta san ba sana'ar ba ce. Wani mai jinya ya taɓa kayar da shi a banɗaki, tun daga nan hannunta kaɗai ya yarda da shi. Tana hawaye ta rubuta: "Koci, ka nemi wata. Ba zan iya barinsa ba."

Bai ba da amsa ba. Ta ɗauka ya tafi kenan.

Wata safiya sai ga sallamarsa. Ya durƙusa ya gaida Baba.

"Baba, ba magana na kawo ba. Izini nake nema in ɗaga ka."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa kafin ya gyaɗa kai. Koci ya ware ƙafa, ya rungume shi, ya miƙe. Da farko Baba ya ƙanƙame masa wuya, can sai ya saki jiki.

"Gobe fa?" Baba ya tambaya bayan an zaunar da shi a keke.

"Gobe ma, jibi ma. Ɗakin da ke jikin gidanku na je na kama haya."

Auta ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Ɗan nan," in ji Baba, "ka turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure, ango ne da kansa ya ɗauko surukinsa ya zaunar a gaban jama'a. Baba ya riƙe hannunsa.

"Allah ya yi muku albarka. Ranar da kuka tsufa, Allah ya ba ku masu ɗaga ku."