Fitilar da Ba a Ɗaura Ba

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da na jiya ba. Mai Wuta, kamar yadda ake kiransa saboda sana'arsa ta gyaran lantarki, ya dawo daga aiki dab da magariba, ya jingine babur, ya ajiye jakar kayan aikinsa a bakin ƙofa. Yayarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo, tana kwashe shanya. Ɗiyarsa tilo, budurwa 'yar shekara goma sha bakwai da yake kira 'Yar Baba, ta fito daga kicin da tukunyar ruwa yana tururi, ta zaga bayan ɗaki. Kullum haka take yi a wannan lokaci, kuma babu wanda ya taɓa tambayarta.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya dira a tsakar gida. Gwaggo ta ɗaga murya ta wanke 'ya'yan maƙwabta tas. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo. Mai Wuta ya duƙa ya ɗauki ɗaya, ya ji shi jiƙe sharkaf, da ɗumi, alhali rabon garin da ruwan sama an kwana biyu. Kafin ya miƙe suka jiyo ƙarar shawa daga banɗakin cikin ɗaki, wanda ke kulle da kwaɗo kusan shekara guda. Suka leƙa. Ta ƙarƙashin ƙofar, haske yana kawowa yana ɗaukewa.

"Ba ka ce ka yanke wayar nan ba?" in ji Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa.

"Na yanke, Yaya. Da hannuna."

A unguwar babu mai gyaran lantarkin da aka yarda da shi kamarsa, balle a aikin banɗaki. In ka kira shi sai ka sha wa'azi kafin ya taɓa waya. Banɗaki ba falo ba ne, haka yake cewa, tururi kaɗai ya isa ya kai ruwa inda ido bai gani ba. Fitila sai mai murfin gilashi da zoben roba a bakinta, a can sama, nesa da shawa. Makunni a waje, gefen ƙofa. Soket kuwa ko za ka yi masa kuka ba zai sa maka shi kusa da famfo ba. Wayar ƙasa, mai janye wutar da ta kauce hanya, dole, da na'urar da ke katse wuta da zarar ta sami hanyar zuba. Ya sha tattara kayansa ya bar aiki don mai gida ya ce a sa kowace irin fitila.

Amma a gidansa, ranar da suka tare, gajiya ta ci ƙarfinsa. Ya ɗauko wani tsohon mariƙin ƙwan lantarki na ƙarfe ya kafa a bango, daidai gefen shawa inda hannu ke kaiwa, ya naɗe mahaɗar da salatif, ya ce na kwana biyu ne. Fitilar kirkin ma ya saya, tana cikin kwalinta a kan wadirof. Kwana biyun nan sai da ya shekara uku. Matarsa, Umma, ta sha gaya masa ƙwan yana ƙifta ido, sai ta murɗa shi yake tsayawa, kuma ƙarfen yana ɗan cizon yatsa. Yakan yi dariya ya ce, "Matar mai wuta ce ke, ai ta san ki. Ranar hutu zan canza."

Wata safiya ya same ta kwance a kan tayil, ruwa yana zuba mata. Ya kashe wutar gidan, ya ɗago ta, ya ga ƙuna a yatsunta biyu, ya gane. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Gwaggo ta ce aikin mutanen ɓoye ne, dama banɗaki mazauninsu ne, kuma ta faɗa wa duk wanda ya zo gaisuwa, har a gaban yarinyar. Mai Wuta yana zaune kansa a ƙasa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Shi a wajensa shiru ya yi, ba ƙarya ba, alhali kuwa babu bambanci. Tsoro ɗaya ne ya ɗaure masa baki: kada 'Yar Baba ta dube shi ta ga wanda ya raba ta da uwarta. Ya yanke wayar, ya sa kwaɗo, suka koma banɗakin tsakar gida.

Kwana shida ana jifa, daga faɗuwar rana zuwa kiran isha. A na huɗu aka fara jin kukan mace daga makwararar bayan ɗaki, siriri, irin na wadda ta gaji da kukan. A na bakwai aka tsinci 'Yar Baba a yashe a wurin, tukunya a kife gefenta. Idanunta a buɗe, amma ba ta ganin kowa. Gashinta yana ɗigar ruwa komai yawan gogewa. Asibiti suka duba suka ce ba su ga komai ba. Ta daina ci, ta daina magana. Sai dai ta zauna a ƙofar banɗakin nan da aka kulle, ta jingina kunci da katako, tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin jariri. Mai Wuta yana kallon ɗiyarsa tana ƙarewa a gabansa, baƙin ciki ya hana shi ko ɗaukar filaya.

Malamin da Gwaggo ta ɗauko tsoho ne siriri mai sanyin murya, ba ya duka, ba ya ihu. Ya iso rana na shirin faɗuwa, ya ce a buɗe kwaɗon. Sau uku mabuɗi yana suɓuce wa Mai Wuta. Da ƙofar ta buɗe, warin danshi ya fito. Soson Umma yana nan a jikin ƙusa, ya bushe ƙamas. Ruwa yana zuba. Mariƙin ƙarfen nan ya yi tsatsa, ƙwansa yana ƙiftawa ba tare da waya ba. Malam ya daɗe yana kallonsa, ya juyo ya kalli mai gidan. Ya zauna kusa da yarinyar ya fara karatu.

Bai yi nisa ba bakinta ya motsa. Muryar ba tata ba ce, ta babbar mace ce, ta dishe.

"Ya isa, Malam. Ina ji."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. A makwararar nan nake tun kafin a ɗora tubali."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Tafasasshen ruwa take sheƙa mana. Kullum da magariba, ba bismilla, da gangan. Wata goma sha ɗaya ina kauda 'ya'yana ina haƙuri, don na san marainiya ce. Rannan ƙaramar ta suɓuce mini, ruwan ya kashe ta." Hannuwan yarinyar suka daina jijjiga. "Ko tafiya ba ta gama koya ba."

Gwaggo ta toshe baki da gefen mayafi.

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Malam. "Me ya sa take yin haka?"

"Rama wa uwarta take yi. An gaya mata ni na kashe ta. Matar da ba ta shiga sai ta yi addu'a, ba ta zubar da ruwan zafi sai ta sirka shi, ita zan kashe? Ina nan ranar. Na ga ta miƙa hannu tana tsaye cikin ruwa. Da ina da ikon riƙe hannun nan, da na riƙe. Tambayi mai gidan."

Kan yarinyar ya juya a hankali, ya tsaya a kan mahaifinta. Mai Wuta ya durƙushe a kan siminti.

"Ni ne, Malam. Wuta ce ta ja ta, kuma aikin hannuna ne. Yaya, ni ne."

"Kana ji ina faɗa," in ji Gwaggo, "kana ji, ka ƙyale ni?"

"Da ita zan tafi," muryar ta ce. "Ɗiya a madadin ɗiya."

"Ba za ki tafi da ita ba," in ji Malam, bai ɗaga murya ba. "Abin da aka gaya mata ta yi aiki da shi, kuma ke kin fi kowa sanin zafin rashin ɗiya. Faɗi abin da zai yiwu."

Aka kira salla a nesa.

"Abu biyu," in ji muryar. "Ya tuge ƙarfen nan, ya ɗaura fitilar da ke kan wadirof, kada wata ta sake miƙa hannu. Na biyu, abin da ya faɗa yanzu ni ya faɗa wa, ita ba ta ji ba. Ya faɗa mata idonta biyu."

"Ki ɗauki hannuwana," in ji Mai Wuta. "Ki ɗauki idanuna. Wannan kam za ta tsane ni."

"Wataƙila. Amma tana da ran da za ta tsane ka da shi. Tawa fa?"

Ya kifa goshi a ƙasa ya ce ya yarda. Muryar ta ce gidan ya ishe ta, za ta kwashe sauran 'ya'yanta ba za ta dawo ba. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta langaɓe a jikin Gwaggo. Shawa ta tsaya, ƙwan ya mutu. Da Gwaggo ta shafa kanta, ta ji gashin a bushe.

Da gari ya waye 'Yar Baba ta sha ruwa, ta ɗan taɓa abinci. Mai Wuta ya sauko da kwalin, ya goge ƙurar shekara huɗu, ya zauna a gabanta da shi a cinya, ya gaya mata komai, har da dariyar da yake yi, har da ranar hutu, har da abin da ruwan zafinta ya yi. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Da ta yi kuka, da ya fi masa sauƙi.

Sannan ya kafa tsani. Ya tuge tsohon ƙarfen, ya toshe raminsa, ya ja sabuwar waya ta cikin silin zuwa kusurwar da ruwa ba ya kaiwa. Ya haɗa wayar ƙasa, ya zaunar da zoben roba a mazauninsa, ya rufe gilashin, ya ɗaure sukurori huɗu. Ya kafa makunni a waje, ya haɗa layin da na'urar katsewa. Duk wannan tana tsaye a bakin ƙofa, hannuwa a harɗe. Ya kunna. Haske ya kawo fari tas, bai ƙifta ba.

"Ka gama?" ta tambaya.

"Na gama, 'Yar Baba."

Ba ta amsa sunan ba. Ta ɗaga ido ta kalli agogon bango, sannan ta kalle shi.

"Minti ashirin da biyar," ta ce. "Tun da ka hau tsani nake dubawa."