Harafin da Aka Sayar da Kwanon Romo

Ruwa ake tsugawa ranar da Gobnait O'Driscoll ta fara ganinsa, a bakin ruwan Baltimore, wani ƙaramin garin masunta. Lokacin taron dangi ne, sa'ad da masu sunan O'Driscoll ke dawowa daga Boston da Sydney su ci kifi, su yi hawaye a kufan gidajen kakanninsu. Ta zo da gudu, jirgin ruwan da ke kai mutane tsibiri har ya saki igiya. Saurayin da ke riƙe da igiyar ya dube ta, ya dubi matuƙi, ya mayar ya ɗaure.

"Na makara ko?" ta ce tana haki.

"A'a, mu ne muka yi garaje. Shigo kafin ki narke."

Kafin su kai tsibiri ta san sunansa Fachtna, ta san kakarsa ce ta raine shi, ta kuma san idan ya yi dariya kunnuwansa ja suke yi.

"Fachtna wa?"

"Driscoll."

"O'Driscoll dai," ta gyara masa, da yake malamar makaranta ce.

"Driscoll kawai. Namu babu O."

Ta yi dariya. Ba ta san harafin nan zai hana ta barci ba.

Bazara ta wuce suna tare. Kullum da safe saƙonsa na riga shayinta isowa.

"Malamata, teku ya kwanta yau. Ni ne dai ban kwanta ba, ke ce sila."

"Ka kula da igiyarka, sarkin surutu. Ina kewarka."

Ranar da ta kai shi gida, mahaifinta Con yana zaune kusa da murhu. Tsohon masunci ne, ya haddace sunayen kakanninsa kamar addu'a. Ya ba Fachtna hannu, ya sa aka zuba masa shayi, aka yanka burodi da man shanu, sannan ya fara abin da ya fi so.

"Ka san ma'anar sunan nan? Jikan mai shiga tsakani. Mu muka mallaki tekun nan, jirgi bai isa ya jefa taru ba sai da izininmu. Kai na wane gida ne?"

"Driscoll na bayan Skibbereen, jikan Hannie."

Con ya ajiye kofinsa a hankali.

"Waɗanda suka sha romo."

Duk wanda ya tashi a nan wajenmu ya san nauyin maganar. A shekarun babbar yunwa, da dankali ya ruɓe a ƙasa, an ce wasu sun bar cocinsu sun yar da O ɗin sunansu don a ba su kwanon romo. Mutanen sun daɗe da zama ƙasa, gorin bai mutu ba.

"Dadi!" Gobnait ta miƙe. "Tun kafin yunwa ma'aikatan Ingilishi ke yanke O daga sunayen mutane. Rabin garin nan haka ne!"

"Rabin gari ba su dame ni ba. Gidan nan na sani. Namu sun mutu da sunansu cikakke, nasu sun rayu da rabi."

Fachtna ya gode wa Mam Nuala, mahaifiyar Gobnait, da shayi, ya ɗauki hularsa. Me zai ce? Da a ce rashin aiki ne, ya nema. Da shaye-shaye ne, ya daina. Amma yaya mutum zai gyara abin da aka yi kafin a haifi kakan kakansa?

Ana cikin haka wani Tyler O'Driscoll ya sauka daga Boston, da tambarin dangi a jikin rigarsa, yana neman tushensa. Con ya rungume shi kamar ɗan da ya ɓata, ya ce lallai Gobnait ta zaga da shi tsibiri. Jirgi ɗaya ne ke zuwa can. Fachtna ne ya karɓi tikitinsu, ya ga baƙon ya riƙe mata laima, ya kawar da kai.

"Dadi ne ya matsa, ba komai tsakaninmu," ta rubuta masa.

Da dare ya yi ta sake rubuta masa.

"Fachtna, ka yi magana ko da zagi ne."

Sai washegari ya amsa. "Na yarda da ke, zuciyata. Da kaina ne ban san yadda zan yi ba. Na ce wa kakata zan ƙara O a sunana, ta yi kuka. Akwai aikin jirgi a Perth, can wata uwa duniya. Wataƙila in na tafi kowa ya huta."

Ta karanta a ɗakin malamai, ta kifa kai a tebur. Ba za ta iya barin uban da ƙafafunsa suka fara gazawa ba, ba kuma za ta iya tsayawa a gaɓa ta ga tafiyar Fachtna ba. Ta roƙi Mam, Mam ta ce, "Shekara nawa ina fama da taurin kan mutumin nan, 'yata? Ban taɓa cin nasara ba." Ta je wurin Fada, limamin cocinsu, ya ce zai yi addu'a. Tyler ya koma Boston da hotunansa, ba abin da ya sauya.

Wata Lahadi bayan coci, tasi ta tsaya a ƙofar gidan Con. Hannie Driscoll ce, kakar Fachtna, ta haura casa'in, da sanda da baƙar jaka. Ta ƙi zama, ta ƙi shayi.

"Con, na san ka tun kana yawo da majina, don haka ka saurare ni. Ka ce mun sha romo. To, mun sha."



"Sunanta Cáit. Kakata ce ta ba ni labarinta. Ta binne 'ya'ya uku ba akwatin gawa, saura ɗaya a hannunta, ko kuka ba ya iya yi. Ta ɗauke shi ta je ta karɓi kwanon. Har ta mutu ba wanda ya ƙara gaishe ta a hanya. Yaron nan shi ya haifi duk wani Driscoll na gidanmu." Ta nuna Gobnait da sanda. "Ga taka nan, ita kaɗai gare ka. A ce ita ce a hannunka ranar. Faɗa min me za ka yi."

Con ya dubi 'yarsa ya daɗe. Sai ya tashi da ƙyar ya fita bayan gida, ya tsaya cikin yayyafi babu hula.

Kwana biyu suka wuce a haka. Gobnait ta fid da rai, Fachtna ya fara haɗa kaya. Sai ga Con a bakin ruwa yana dogara sanda, ya tsaya yana kallon saurayin na aiki.

"Wa ya koya maka ɗaurin nan? Kamar na ɗan birni."

"Kai za ka gyara min, Mista O'Driscoll?"

"Ka zo cin abinci ran Lahadi. Ka taho da tsohuwar nan mai baki." Ya juya, ya ƙara da cewa, "Perth kuma su nemi wani."

An ɗaura auren da bazara a ƙaramin cocin da ke kallon teku. Wajen walima Con ya miƙe da kofi, mutane suka gyara zama suna jiran tarihin sarakunan ruwa. Sai ya ce, "Ku ɗaga kofi domin Cáit Driscoll, wadda ta raya min suruki."

Hannie ta rufe fuska da hankici. Fachtna ya matse hannun amaryarsa a ƙarƙashin tebur.

"Madam Driscoll," ya raɗa mata.

"Na'am, mijina."

Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka, ya sa kada ɗayansu ya san yunwa.